Guguwar Osaka: Tarihin Hideo Nomo

Ranar 1 ga Yulin 1994, a filin ƙungiyar Seibu Lions da ke bayan birnin Tokyo, wani matashi ɗan shekara 25 ya jefa ƙwallo sau 191 a wasa guda. Wanda bai san besbol ba zai ce, to sai me? Amma a wajen masu wannan wasa, da majefi ya doshi jifa ɗari ake fara shirin sauke shi, domin kowane jifa daga kafaɗa da gwiwar hannu yake fitowa, ƙwallon kuma gudun kilomita 140 ko fiye yake yi a awa. Rannan hannun yaron ya ƙi saiti. Sau 16 yana ba abokan karawa tafiya kyauta saboda kuskure, adadin da ba a taɓa gani ba a gasar Japan. Duk da haka kocinsa ya harɗe hannu a benci, bai tura kowa ya karɓe shi ba. Haka ya yi ta jifa har wasa ya tashi, ƙungiyarsa ta Kintetsu Buffaloes ta yi nasara. Ba a jima ba kafaɗar ta ƙi ɗaguwa, ya yi makonni yana jinya.

Sunan matashin Hideo Nomo. Wata bakwai bayan wannan wasa ya bar ƙasar, jaridu na binsa da baƙar magana.

Kafin mu bi sawunsa, ya kamata a ɗan faɗi yadda wasan yake, tun da ba mu saba da shi ba. Mutum tara-tara ake yi, turmi tara, kamar yadda 'yan dambe ke ƙirga nasu. Majefi yana tsayawa a kan wani ɗan tudu, tazarar mita 18 da 'yan kai tsakaninsa da mai sanda. A bayan mai sanda akwai macafi a tsugune da ƙatuwar safar fata. Idan majefi ya wuce mai sanda da jifa uku masu kyau, ya kore shi ke nan. Idan ya yi kuskure huɗu, mai sanda ya samu tafiya kyauta zuwa matsayar farko. Idan kuwa mai sanda ya maka ƙwallo ya faɗi inda ba a tare ba, wato ya samu bugu, sai ya ruga. Wanda ya zagaya matsaya uku ya dawo gida ya ci maki ɗaya. Ban da macafi, sauran mutum bakwai suna iya yin rabin awa ƙwallo bai zo wajensu ba, amma majefi ba shi da hutu. Kowane motsi daga hannunsa yake farawa.

Wani malami Ba'amurke, Horace Wilson, shi ya koya wa ɗalibansa wasan a Tokyo wajajen 1872. Japanawa suka karɓe shi hannu biyu, suka raɗa masa suna yakyu, suka kuma zuba masa ɗabi'arsu ta horo da juriya da biyayya ga na gaba. Gasar makarantun sakandare da ake yi a filin Koshien duk bazara takan tsayar da ƙasar cak. Suna da gwarazansu na jifa tun da daɗewa. A 1934, da taurarin Amurka suka kai ziyara, wani yaro ɗan shekara 17, Eiji Sawamura, ya kori Babe Ruth da Lou Gehrig da wasu manya biyu a jere. Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye shi a 1944, lokacin da aka nutsar da jirgin ruwan da ke ɗauke da shi, kuma har yau lambar yabon gwanin majefa ta Japan sunansa take ɗauke da shi. Sai dai wannan al'ada tana da wani gefe mai ɗaci. An ɗauka cewa hannu kamar ƙarfe ne, da wuta da guduma yake ƙarfi. A 1961 Hiroshi Gondo na ƙungiyar Chunichi ya jefa turmi sama da 429 a shekararsa ta farko, ya ci wasa 35. Cikin 'yan shekaru hannun ya mutu murus. Irinsa suna da yawa, kuma ba a cika ganin laifin kowa ba. Akan ce sun sadaukar da kai ne.

A cikin wannan duniya aka haifi Nomo, ranar 31 ga Agustan 1968, a unguwar bakin tashar jiragen ruwa ta Osaka. Gidansu gidan masu neman na yau ne. Tun yana ƙarami ya lura cewa idan ya murɗa jikinsa kafin ya saki ƙwallo, jifan ya fi ƙarfi, sai ya riƙe abin. Manyan makarantun da suka yi suna a besbol ba su ga abin ɗauka a jikinsa ba, don haka ya shiga makarantar koyon sana'a ta Seijo, wadda ba a sa ta a lissafi. A 1985, a wasannin share fage na lardin Osaka, ya yi wasan da ko mutum ɗaya bai taka matsayar farko ba. Amma Koshien, mafarkin kowane yaro, bai taɓa taka ta ba. Da ya gama makaranta ƙungiyoyin ƙwararru ba su neme shi ba.

Abin da ya cece shi wani tsari ne da Japan ta daɗe da shi: manyan kamfanoni suna da ƙungiyoyin wasa na kansu, suna ɗaukar matasa aiki, su yi aikin kamfani da safe, su fita atisaye da rana. Kamfanin ƙarfe na Nippon Steel, reshen garin Sakai, ya ɗauke shi a 1987. A nan ya koyi makamin da ya ci abinci da shi har ƙarshen aikinsa. Akan cusa ƙwallon ne tsakanin yatsan manuni da na tsakiya, a ware su sosai kamar bakin cokali mai yatsu, a jefa da irin ƙarfin da ake jefa miƙaƙƙen jifa. Ƙwallon zai taho ɗoɗar, mai sanda ya ɗaura niyya, sai dab da isowa ya sulale ƙasa kamar an tsinke masa zare. Sanda ta sari iska. Nomo bai damu da tara dabaru ba. Jifa biyu ne jarinsa, miƙaƙƙe da wannan mai faɗuwa, kuma dukansu daga hannu ɗaya suke fitowa da kama ɗaya.

Sai kuma salon tsayuwarsa, wanda ko a tsohon faifan bidiyo mutum ya gani ba ya mantawa. Zai ɗaga hannayensa biyu can sama da kai, ya miƙe kamar mai hamma, ya tsaya cik. Tsayuwar takan yi tsawo har ka ɗauka hoton ne ya maƙale. Daga nan ya ɗaga ƙafar hagu, ya juya gaba ɗaya har mai sanda ya koma kallon lambar da ke bayan rigarsa, ƙwallon ya ɓace wa ido. Sannan ya warware gaba ɗaya. Duk littattafan koyarwa sun hana wannan, domin majefi ba ya ɗauke ido daga inda zai jefa. Daga baya aka laƙaba wa salon suna da kalmar da ke nufin guguwa, sunan kuwa ya zauna daram.

A 1988 yana cikin tawagar Japan da ta samo azurfa a wasannin Olamfik na Seoul, inda Amurka ta doke su a wasan ƙarshe. Yanzu kowa ya san shi. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 1989, ƙungiyoyi takwas cikin goma sha biyu suka rubuta sunansa a matsayin zaɓin farko, abin da ba a taɓa yi wa kowa ba. Dokarsu ita ce a yi ƙuri'a. Wakilai suka zo ɗaya bayan ɗaya suna zaro ambulan daga akwati, ta ƙarshe da ta rage ta faɗa hannun Akira Ogi, kocin Kintetsu, ita ce kuma mai rabo. Aka ba shi yen miliyan 120 kuɗin sa hannu, shi ne sabon shiga na farko da ya haura miliyan ɗari. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne sharaɗin da yaro ɗan shekara 21 ya gindaya wa manya: kada wanda ya taɓa masa salon jifa. A ƙasar da ɗan wasa ba ya ɗaga ido ya kalli koci, wannan magana tana da nauyi. Ogi, mutum mai sauƙin kai da sanin darajar baiwa, ya amince, ya kuma cika alkawari.

Sakamakon bai ɓoyu ba. A 1990 Nomo ya ci wasa 18, aka cinye shi 8, ya kori mutum 287 a turmi 235. Ya kwashe lambar gwarzon sababbi, da ta gwarzon gasar, da ta Sawamura, duk a shekara guda. Shekara huɗu a jere, daga 1990 zuwa 1993, ba wanda ya fi shi yawan nasara ko yawan kora a rukunin Pacific. Ogi ya bar shi da mai horar da jiki, Ryuji Tachibana, wanda ya yi karatun kimiyyar motsa jiki, ya kuma yarda cewa hutu ma wani ɓangare ne na horo. A ƙarshen 1990 taurarin Amurka sun kawo ziyara Japan, Nomo ya kara da su, ya ga cewa su ma jifan nan nasa yana ruɗa su. Daga nan abin ya shiga ransa.

Ogi ya sauka bayan kakar 1992. Wanda ya gaje shi, Keishi Suzuki, ba ƙaramin mutum ba ne: majefi ne da ya ci wa Kintetsu wasa 317 da hannunsa na hagu. Ba na son a ɗauke shi mugu. Yadda aka gina shi haka ya so ya gina na baya: gudu ba iyaka, jifa ba iyaka, ciwo kuma a yi maganinsa da ƙarin jifa. A ganinsa shi ne shaida cewa hanyar tana aiki. Abin da bai ƙirga ba shi ne yawan waɗanda hanyar ta kayar kafin shi ya tsira. Suzuki bai taɓa son salon Nomo ba, bai kuma ɓoye ba. Tachibana ya bar ƙungiyar. Sai ga wasan nan na jifa 191, sai ciwon kafaɗa, sai shekarar ta ƙare masa da nasara 8 kacal. Nomo ya san labarin Gondo da ire-irensa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

To amma ina mafita? Ɗan wasa a Japan a lokacin mallakar ƙungiyarsa ne. Sai a 1993 aka fara ba su 'yancin sauya sheƙa, shi ma sai mutum ya shekara goma. Hanyar Amurka kuwa a toshe take tun wani rikici da aka yi shekara talatin baya. A 1964 ƙungiyar Nankai Hawks ta tura wani matashi, Masanori Murakami, ya koyo wasa a ƙananan ƙungiyoyin San Francisco Giants. Yaron ya yi ƙoƙari har Giants suka hau da shi babbar gasa, suka kuma so su riƙe shi. Aka yi ta ja-in-ja, ya koma gida bayan kakar 1965, sannan a 1967 hukumomin ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar kada kowa ya taɓa ɗan wasan kowa. Tun daga nan har zuwa lokacin Nomo ba Bajapanen da ya tashi daga gasar gida ya shiga babbar gasar Amurka.

Da ɗan gari akan ci gari. Nomo ya haɗu da Don Nomura, wanda uwarsa Bajapaniya ce, ubansa Ba'amurke, agolan shahararren ɗan wasa Katsuya Nomura ne, ya san harsunan biyu da halayen ɓangarorin biyu. Nomura da lauyoyinsa suka zauna suka tsefe takardun, suka gano wata kafa. Idan ɗan wasa ya yi ritaya da kansa, dokar Japan ta ce in zai dawo sai dai ya dawo ƙungiyarsa ta da. Amma dokar a cikin Japan kaɗai take aiki; ba ta ce komai ba game da wanda ya tsallaka teku. Waɗanda suka rubuta ta ba su taɓa kawowa a ransu wani zai yi hakan ba.

Da aka zo zaman sabunta kwantiragi a ƙarshen 1994, Nomo ya nemi yarjejeniyar shekaru da yawa, ya kuma nemi a bar wakilinsa ya yi magana a madadinsa. Duka biyun baƙin abubuwa ne a wajensu. Shugabannin Kintetsu suka ƙi, suka yi masa barazanar sa shi a jerin waɗanda suka yi ritaya, suna zaton zai tsorata ya rusuna. Abin da yake jira ke nan. A farkon 1995, yana ɗan shekara 26, gwanin majefan Japan ya yi ritaya.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Jaridun wasanni suka kira shi butulu, maci amana, mai son kansa. Tsofaffin 'yan wasa suka yi ta hasashen zai kunyata ya dawo. Masu magana sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, amma gaskiya Nomo ba shi da tabbacin komai. Kafaɗarsa ba ta gama warkewa ba, ba ya jin Turanci, kuma a daidai lokacin 'yan wasan Amurka suna yajin aikin da ya sa aka soke wasan ƙarshe na 1994, ba wanda ya san ranar da za a koma fili. A Fabrairun 1995 ya sa hannu da Los Angeles Dodgers. Mai ƙungiyar, Peter O'Malley, ya ba shi dala miliyan 2 kuɗin sa hannu, amma albashinsa mafi ƙanƙanta ne a gasar, dala 109,000 a shekara. Mutumin da ke karɓar yen miliyan 140 a gida ya koma karɓar abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba.

Zaɓen Dodgers ya yi daidai. Ita ce ƙungiyar da ta sa Jackie Robinson, baƙar fata na farko a gasar ta zamani, a fili a 1947, ita ce kuma ta fito da Fernando Valenzuela ɗan Meziko a 1981. Kocinta, Tommy Lasorda, dattijo mai surutu da son mutane, ya rungume shi kamar ɗa, ya kuma hana kowa taɓa masa salo. Aka ba shi riga mai lamba 16.

Ranar 2 ga Mayun 1995 ya hau tudu a filin Candlestick na San Francisco, garin da Murakami ya bari shekara talatin baya. A Japan asubahin ranar hutu ce, mutane sun tashi sun kunna talabijin. Turmin farko ya kusa zama abin da maƙiyansa ke jira: ya ba mutum uku tafiya kyauta, ciki har da Barry Bonds, matsaya uku duk suka cika. Sai ya kori na gaba ya fita. Ya yi turmi biyar, bugu ɗaya tak aka samu a hannunsa, ba maki, ya kori bakwai. Nasarar farko ta ɗan yi jinkiri, sai 2 ga Yuni a kan New York Mets. Daga nan kuwa sai guguwa ta tashi. A watan Yuni ya ci wasa shida bai faɗi ko ɗaya ba. Ranar 14 ga wata ya kori 'yan Pittsburgh 16. Ya rufe watan da wasa biyu a jere da ba a ci shi maki ko ɗaya ba, kowanne da kora 13. A Yuli shi aka ba buɗe wasan taurari a Texas, ya yi turmi biyu ba maki, ya kori uku. Ya ƙare shekarar da nasara 13, faɗuwa 6, kora 236 wadda ta fi ta kowa a rukunin National, aka ba shi gwarzon sababbi.

Sai an tuna irin shekarar da 1995 ta kasance kafin a gane abin da ya sa mutum ɗaya ya girgiza ƙasashe biyu. A Janairu girgizar ƙasa ta rusa Kobe, mutum sama da dubu shida suka mutu. A Maris 'yan wata ƙungiyar asiri suka saki iskar guba a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokyo. Tattalin arziki ya daɗe da tsayawa. Gwamnatocin Amurka da Japan suna ta cacar baki kan cinikin motoci, ga kuma cika shekara hamsin da ƙarshen yaƙi, tsofaffin miki suna motsi. A cikin wannan hali ne ma'aikata masu sammakon zuwa ofis suka riƙa tsayawa a gaban manyan allunan talabijin na kan titi suna kallon ɗansu yana korar ƙattin Amurka. A can kuma, 'yan kallo da yajin aiki ya ɓata wa rai suka fara dawowa fili saboda shi. Jiragen sama suka riƙa cika da masu zuwa Los Angeles daga Tokyo da Osaka. Jaridun da suka kira shi butulu a Janairu su ne suka cika shafukansu da kirarinsa a Yuli. A Kintetsu kuwa, Suzuki bai kai ƙarshen kakar ba, ƙungiyar ta ƙare a ƙasan teburi.

Shi gogan bai sauya ba. 'Yan jarida ɗari su kewaye shi, ya amsa da jimla ɗaya ta bakin tafinta, fuska ba yabo ba fallasa. Bai tsaya ramuwar gayya da baki ba.

Idan za a zaɓi dare ɗaya daga rayuwarsa, ni na 17 ga Satumban 1996 zan ɗauka. Filin Coors na birnin Denver yana kan tudun da ya kai mita 1,600 daga teku. Iskar wurin ba ta da kauri, don haka ƙwallon da aka buga yakan yi nisa fiye da ko'ina, wanda aka jefa kuma ba ya lanƙwasa yadda ake so. Majefa suna tsoron wurin. Ƙungiyar gida, Colorado Rockies, tana da mutum uku da kowannensu ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga sau 40 ko fiye a shekarar: Andrés Galarraga, Ellis Burks da Vinny Castilla. Rannan an yi ruwa, aka jinkirta wasa kusan awa biyu, ga sanyi, tudun jifa ya yi santsi. Da Nomo ya ga ƙafarsa tana zamewa, sai ya ajiye juyin nan nasa da duniya ta san shi da shi, ya koma gajeriyar tsayuwa. Mutumin da ya hana manya taɓa salonsa, shi ya sauke shi da kansa da ya ga ƙasa ta buƙaci haka. Turmi ya bi turmi, ba bugu. A benci abokan wasa suka daina yi masa magana, don al'adarsu ce ba a ambaton abin kada a karya shi. Zuwa turmi na tara 'yan kallon Denver kansu sun miƙe tsaye suna mara masa baya. Burks ne na ƙarshe. Jifan nan mai faɗuwa ya zo, ya sari iska. Dodgers 9, Rockies 0, ba ɗan Rockies ɗin da ya samu bugu ko ɗaya. Har zuwa wannan rubutu ba a sake yin haka a filin ba.

Yawancin masu ba da labarinsa a nan suke tsayawa, alhali rabin da ya rage ya fi nuna ko wane ne shi. Bayan kakar 1997 aka yi masa tiyata a gwiwar hannu. A 1998 O'Malley ya sayar da ƙungiyar, aka sayar da macafinsa Mike Piazza, Nomo ma aka tura shi Mets. Kafin a fara kakar 1999 Mets suka sallame shi. Chicago Cubs suka gwada shi a ƙaramar ƙungiyarsu, su ma suka sake shi. Wani ne da ya tattara komatsansa ya koma gida, inda yanzu gwarzo ne. Shi kuwa ya tafi Milwaukee ya ci wasa 12, ya wuce Detroit a 2000, sannan Boston.

Ranar 4 ga Afrilun 2001, wasansa na farko a rigar Boston Red Sox, a filin Baltimore, ya sake yin abin: turmi tara, ba bugu, kora 11, aka tashi 3 da 0. A turmin ƙarshe wani ƙwallo ya tashi zai faɗi a tsakar fili, Mike Lansing ya bi shi da gudu ya cafe yana tuntsurawa. Rabon Boston da irin wannan tun 1965. Nomo ya zama mutum na huɗu a tarihi da ya yi haka a rukunan gasar guda biyu, bayan Cy Young da Jim Bunning da Nolan Ryan. A shekarar ya fi kowa kora a rukunin American da 220. A wannan makon ne kuma wani siririn Bajapane, Ichiro Suzuki, ya fara wasa a Seattle. Kocin da ya fito da Ichiro a ƙungiyar Orix shi ne Akira Ogi, wanda ya zaro ambulan ɗin Nomo.

Kafar da Nomo ya bi an toshe ta a 1998, bayan Alfonso Soriano ya bi ta shi ma, amma ba a iya mayar da ƙofa yadda take ba. Dole hukumomin biyu suka fito da tsarin da ƙungiyar Amurka za ta biya ta Japan diyya ta ɗauki ɗan wasa. Ta nan Ichiro ya bi, da Daisuke Matsuzaka, da Yu Darvish, da Shohei Ohtani, wanda a Disambar 2023 ya sa hannu da Dodgers ɗin nan dai a kan dala miliyan 700 na shekara goma. Duk an raka su filin jirgi da tafi.

Nomo ya koma Dodgers ya ci wasa 16 a 2002, ya sake cin 16 a 2003. Sai kafaɗar ta sake tashi, aka yi tiyata, 2004 ta zame masa shekara mafi muni. A Yunin 2005, a rigar Tampa Bay, ya cika nasara 200 idan aka haɗa na Japan da na Amurka. Wata guda bayan haka aka sallame shi. Ya koma ƙananan ƙungiyoyi, yana hawa bas da yaran da suka taso suna kwaikwayon juyinsa. Aka sake yanka gwiwar hannun. A ƙarshen 2007, yana da shekara 39, ya tafi har Venezuela ya yi wa Leones del Caracas wasa don a ga cewa hannun yana da saura. Kansas City Royals suka ba shi dama a Afrilun 2008. A lokacin ya daina juyin guguwa, jiki ba ya ɗauka. Wasa uku ya yi, aka buge shi sosai, aka sallame shi. A Yulin 2008 ya sanar da ajiye wasa, bai kuma yi irin jawabin nan na na gode na gamsu ba. Ya faɗi gaskiyarsa cewa akwai sauran abin da ke ci masa rai, don da so samu ne da ya ci gaba. Ya tashi da nasara 78 a Japan, 123 a Amurka, da kora 1,918 a babbar gasar.

A 2014 aka shigar da shi zauren gwarazan besbol na Japan a shekarar farko da ya cancanta, yana ɗan shekara 45, mafi ƙuruciya da aka taɓa zaɓa har zuwa lokacin. Kintetsu Buffaloes ba ta ga wannan rana ba, domin an narkar da ita cikin Orix tun 2004.

Ƙungiyar kamfanin ƙarfen da ta ɗauke shi lokacin da ba mai so, ita ma matsin tattalin arziki ya rufe ta tun cikin shekarun 1990, kamar yadda ya rufe irinta da dama. Wannan ya dame shi. Yaron da manyan makarantu suka tsallake, bai je Koshien ba, yanzu ina zai dosa? A 2003, yana tsakiyar wasa a Los Angeles, ya sa kuɗinsa ya kafa ƙungiyar 'yan sa-kai a Sakai, NOMO Baseball Club, don irin waɗannan matasa. Bayan shekara goma ta koma Toyooka a lardin Hyogo, kusa da Kinosaki, garin maɓuɓɓugan ruwan zafi. A can 'yan wasan suke aiki a masaukan baƙi, suna shimfiɗa da wanke-wanke da ɗaukar kaya, in sun tashi su ɗauki safar fata su nufi fili.